Shekarar da Baba Ya Kurmantar da Katafila

Har yau in na ga ƙwallon boris, 'yan ƙananan ƙarafan nan masu sheƙi da ake samu a cikin ƙafar keke ko ta mota, sai in ji raina ya ɓaci. Abu bai wuce girman gujiya ba, amma shi ya cinye mana geron shekara guda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni da mijina mun san inda yake tun ranar farko, kuma kwana tara muka yi muna kallonsa.

Ƙauyenmu yana kusa da Kamarawa, a bakin gulbi. Tsakanin gulbin da gonakin unguwarmu akwai jinga, dogon tudun ƙasa da kakanni suka tara don tare ambaliya. Daminar da ta gabaci waccan shekara ruwa ya yage ta, ya bar ɓaraka mai faɗin da motoci uku za su shiga a jere. Gandun gidanmu shi ne a can ƙasa, daf da ɓarakar, inda ruwa ke fara kwanciya in ya shigo. Daga wannan gandu ake cika rumbun da Baba da Inna da ƙannena suke ci har wata kaka. Tun da rani aka yi mana alkawarin katafila. Aka yi shuka ba ta zo ba, aka yi noman fari ba ta zo ba, aka yi maimai shiru. Sai da marka ta kankama, gero ya yi ciki, sannan aka ga babbar mota ta sauke ta a bakin gari. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a wajenmu kullum ranar ake fafe shi.

Mijina ne direbanta. Mai katafilar wani ɗan kwangila ne a Sakkwato, wanda ya turo ta ya ce shi kam ba zai bi hanyar nan ba saboda 'yan bindiga, a kira shi in an gama. Irin mai dogon hannu ce da bokiti a ƙarshensa, kuma sabuwar ƙira ce, ba irin waɗanda mijina ya saba da su ba. Ta zo da littafinta mai kauri, duk Turanci. Shi kuwa karatunsa a firamare ya tsaya, ni ce nake koyarwa a wata makaranta a Isa, inda muke zaune. Saboda haka tun kafin a kawo ta ƙauye, in an yi la'asar sai in ɗauko littafin in riƙa karanta masa ina mayarwa Hausa, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa, "Hakanan na, hannuna ya ji haka." Da haka na san cikin katafila fiye da yadda na san cikin keken ɗinkina.

Abin da na gane shi ne wannan. Hannun katafila da mai yake motsi, famfo ne ke tura man da ƙarfi ta cikin tiyo. A tsofaffin injuna famfon ƙarfi ɗaya ya sani, ko ana aiki ko ba a yi turawa yake, rarar ta koma tanki. Wannan kuwa tana da wani bawul, tulin ƙarfe a bayan kujerar direba, wanda ke raba man daidai yadda direba ya karkata liba, wato sandar da yake sarrafa hannun da ita: in ya taɓa kaɗan ya saki kaɗan, in ya danna sosai ya saki da yawa. Daga bawul ɗin akwai wani siririn tiyo, bai fi kaurin ƙaramin yatsa ba, da ya tafi wurin famfo. Shi ba ya ɗaga komai, labari kawai yake kaiwa. In bokiti ya nutse cikin laka mai nauyi, matsin sai ya bi ta siririn tiyon nan, famfo ya ji, ya ƙara ƙarfi daidai nauyin. In labari bai zo ba, famfo sai ya ɗauka ba aikin da ake yi, ya kwanta abinsa. Mijina ya raɗa wa tiyon suna kunne.

Sai kuma Baba. Duk wanda ya taɓa mallakar tarakta ko injin niƙa daga Sabon Birni zuwa Isa ya san Baba. Shekara arba'in yana bakanikanci. Yakan ɗora sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotarta, ya faɗi abin da ya lalace tun ba a kwance noti ko ɗaya ba, kuma in aka kwance a tarar haka ne. A hannunsa mijina ya koyi sana'a, shekara bakwai yana miƙa masa sufana kafin ya nemi aurena. Wato maigidansa ne, surukinsa ne kuma. In ya hango Baba, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Bai taɓa cin ko da goro a gabansa ba, balle ya ce masa ba haka ba ne. Ni kuma 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana da magana da ni, Inna yake gaya wa ko da ina tsaye a wurin: "Gaya ma waccan ta kawo ruwa." Na tashi na tarar haka ake yi, ban taɓa jin ciwon abin ba sai a wannan shekara.

Da yake makaranta tana hutu, na biyo mijina ƙauye. Ni na sauka gidanmu, shi ya sauka zauren mai unguwa, tunda ba ya kwana gidan surukai. Kwana biyun farko aiki ya yi kyau har mata suna fitowa kallo. Katafila ta kamfaci ƙasa ta juya ta zuba ta danne, ta sake kamfata, ba gajiya. Aka rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na ɓarakar. Mijina ya ce in Allah ya yarda kwana huɗu suka rage.

Ran na uku da hantsi na kai masa fura, sai na tarar ya kashe inji. Siririn tiyon nan ne ya tsage daf da bakinsa, mai yana ɗiga. Ba wani abin tashin hankali ba ne, domin katafilar ta zo da sabo a cikin akwatin da ke ƙarƙashin kujera, aikin minti goma ne. Ya hau ya ɗauko shi a cikin ledarsa. Kafin ya sauko sai ga Baba da tsohuwar jakar kayan aikinsa, ga mai unguwa, ga dattawa, ga duk wanda ba shi da abin yi a ƙauyen, don labari ya riga ya kai cewa katafila ta tsaya. Mijina ya diro ya durƙusa. Baba bai tambayi kowa komai ba. Ya shafa tiyon, ya bi shi da yatsa, ya yi tsaki.

"Wanga ai tiyon rara na," in ji shi. "Mai ka bin shi ya koma tanki, ba shi aikin komi. Masu ƙera injunan yanzu son yawan igiyoyi ag gare su."

Ya laluba aljihu ya fito da ƙwallon boris, ya kwance tiyon daga jikin bawul, ya jefa ƙwallon a bakin ramin, ya mayar ya ɗaure tam. Haka ya saba toshe yoyo a tarakta, kuma a tarakta yana yi. Ɗigar mai ta tsaya cak. Mai unguwa ya ce, "Allahu akbar, tsohon hannu!" Mutane suka ɗauka. Baba ya yagi jan ƙyalle daga tsumman da yake goge hannu, ya ɗaure a wurin don ya riƙa dubawa. Na kalli mijina. Yana durƙushe, a hankali ya tura sabon tiyon cikin rigarsa.

Aka tayar da inji, ƙararsa lafiya lau. Mijina ya ja liba, hannun katafila ya ɗaga da ƙyar yana rawa kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Da bokiti ya taɓa ƙasa sai ya tsaya. Inji bai ko canza murya ba, domin famfo bai san ana wani aiki ba.

Daga nan Baba ya shimfiɗa buzunsa a inuwar katafila, ya mayar da wurin garejinsa. Ran farko ya ce matatar mai ce ta toshe, aka kwance aka wanke da fetur aka mayar, ba abin da ya sauya. Kashegari ya ce man ne ya cika ruwa-ruwa, aka aika Isa aka kawo man giyar mota mai kauri aka tuttula a tanki. Ran na uku ya gano wani noti a jikin famfo ya ƙara ɗaure shi, sai katafila ta ɗan samu ƙarfi, tana iya ɗaukar rabin bokiti in ƙasar ta yi laushi. Mutane suka ce ka gani, a hankali tsoho zai shawo kanta. Amma man sai ya riƙa zafi har ba a iya taɓa tankin, dole a yi ɗan aiki a kashe a jira ya huce. Abin da take yi a wuni bai kai abin da take yi da can kafin a sha fura ba. Mazan unguwa suka koma cika buhuna da yashi suna ɗauka a ka, suna wucewa ta gindin wannan uban inji.

A bakin gulbi akwai sandar da aka kafa ana duba tashin ruwa. Kullum da safe sai a tarar ya haye tsagar jiya. Fulanin da suka gangaro da shanu daga sama suka ce can ana ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, gulbi yana tafe.

Ran na huɗu haƙurina ya ƙare. Na tare mijina a bayan zauren mai unguwa da azahar, na ajiye masa kwanon tuwo da ƙarfin da miya ta fantsama.

"Kai dai ka san abin da ad damun injin ga ko?"

"Na sani."

"Kuma tiyon na nan?"

"Shina nan."

"To mi kaka jira? Sai ruwa ya ishe mu bisa gado?"

Ya ɗauki cokali yana juyawa. Na ce ya tafi da sassafe kafin Baba ya fito, ya cire ƙwallon ya sa sabon tiyo, in katafila ta tashi kowa ya ɗauka gyaran Baba ne ya kama. Ya ce ai kullum abin da Baba ke fara dubawa ke nan, wurin jan ƙyallen.

"In ya ishe na kwance aikinai a ɓoye, mi za ni ce mai? Gaban mai unguwa yay yi shi, gaban gari dut. Mutumin da yak koya min riƙon sufana, yab ba ni ɗiyatai, shi za ni kunyatawa? Bari dai, da kainai za ya gano. Baba ba a yi mai gaggawa."

"Gulbi ma ka gaya mai kada ya yi gaggawa," na ce, na kwashi kwanon jiya na tafi.

Na yi ta masifa ni kaɗai a hanya har wata mata ta tambaye ni ko lafiya. Na san mijina ba rago ba ne. Mutum ne da ya taɓa tuƙa motar kaya ta hanyar da kowa ke tsoro, ya kai ya dawo. Amma a gaban Baba ba ya iya haɗa kalma uku. Kuma abin haushin, da wata ce take ba ni labarin mijinta mai kunyar suruki haka, da cewa zan yi ta yi dace.

Sai na koma ta wajen Inna. Na zaunar da ita a gindin turmi na yi mata bayani dalla-dalla, har na ɗauko karan dawa na zana mata bawul da famfo a ƙasa. Ta ce ta gane. Da Baba ya dawo cin abinci ina bayan zana ina saurare, sai na ji ta ce, "Malam, waccan ta ce wai injin bai jin magana, wai kunnenai ka ciwo." Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Gaya mata ta kai shi makarantassu ta koya mai karatu." Na ciji yatsa na koma ɗaki. Ban ga laifin Inna ba, ita iyakar abin da ta iya ɗauka ke nan.

Ran na shida na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauki littafin na tafi har gindin katafila, mutane suna kallona. Na durƙusa nesa kaɗan da buzun Baba, na buɗe shafin da aka zana siririn tiyon, na ce, "Baba, ga abin da littahin injin yac ce." Ƙasa-ƙasa na faɗa, ni da nake tsawata wa aji mai yara sittin. Bai kalle ni ba. Ya juya wajen mai unguwa ya ce, "Ka ga zamani? Da can mu inji muka saurare, yanzu takarda aka saurare." Dattawa suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yarinyar da ta sa takalmin babanta. Wani ya ce in koma gida rana ta yi zafi. Mijina yana saman katafila, ya kafa ido a kan liba kamar bai san ni ba. Da na matsa, da na ɗaga murya na ce Baba ƙwallon nan ne, wataƙila da ya saurara, wataƙila kuma da ya tashi ya bar wurin. Ban gwada ba. Na rufe littafina na tashi, ina zagin mijina a zuci da laifin da ni ma na kasa tsallakewa.

A hanyar gida ne dabara ta zo mini. Akwai mutum ɗaya a duniya da ke gaya wa Baba duk abin da ya ga dama. Wani Bayarabe ne mai sayar da tiyo da kayan famfo a Sakkwato, wanda Baba ya yi shekara talatin yana sayayya a wurinsa. Mu Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne, ba mai jin haushin wani komai zafin magana. In suka haɗu shi da Baba, kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, su yi ta zage-zage suna tafawa. Na karɓi lambarsa a wayar mijina, na hau tudun da ke bayan gari inda waya ke kama layin Nijar, na kira shi. Ban gama bayani ba ya katse ni da ihu: "Ya toshe wannan tiyo? Wayyo, Bagobiri ya kashe ni!" Na roƙe shi ya zo da kansa, don in ta waya ne Baba zai ce ba ya ji. Ya ce zai zo, amma sai ranar da motoci za su taso a ayari da rakiya, shi ba zai bi hanyar nan shi kaɗai ba. Ban ga laifinsa ba. Kwana uku ke nan.

Kwana ukun nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Na je gandu na tsaya a tsakiyar gero, ya fi ni tsayi, ya fara fid da kai, irin geron da ake shekaru ba a samu ba. Daga inda nake ina jin katafila tana nishi, ta yi shiru, ta sake nishi. Sandar bakin gulbi ta nutse, aka kafa wata. Baba ya rame, ya daina cin abincin rana, ya kwance wannan ya kwance wancan, ya kafa sukundireba a jikin famfo ya daɗe yana saurare. Inji lafiyayye ne, don haka ba abin da ya ji. Na tausaya masa, kuma tausayin bai rage mini haushi ba ko kaɗan.

Ran na tara da hantsi ruwa ya fara lasar bakin ɓarakar. Kafin azahar ya ture buhunan yashi ya fara malala cikin gonakin ƙasa, ja wur da shi, yana tafe da kumfa da karmami. Ana cikin wannan kururuwa sai ga ɗan acaɓa ya sauke Bayarabe, gajere mai tumbi, da hularsa a karkace. Bai gaida mai unguwa ba, bai gaida kowa ba, ya nufi Baba.

"Kai bawana! Wa ya ba ka izini ka taɓa injin mutane? Ina ka sa ƙwallon?"

Baba ya ce, "Wa yak kwance ma wanga bawa igiya yaz zaka nan?" Amma muryarsa ba ta da ƙarfi.

Bayarabe ya hau, ya fizge jan ƙyallen, ya kwance tiyon, ya zaro ƙwallon ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ku duba aikin Bagobiri! Ya toshe wa inji kunne, sannan ya zauna yana tambaya me ya sa ba ya ji. Tsoho, wannan ba taraktar zamaninka ba ce. Ta nan famfo yake sanin nauyin da ke bokiti. Ka rufe, ya kwanta barci. Ko akuyar gidanku ta san wannan!"

Mutane suka zuba ido suna jiran abin da Baba zai yi. Sai ya matso, ya bi tiyon da ido daga bawul har famfo, ya sake bi, ya dafa goshi. "Lalle," in ji shi. "Lalle hakanan na. Allah wadan bawa mai gaskiya." Ya yi 'yar dariya, mutane suka samu damar yin tasu. Shi ke nan fa. Abin da ya gagare mu kwana tara, ga shi an faɗa masa da zagi a gaban gari, ya karɓa bai ko ɗaure fuska ba. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima.

Bayarabe ya juya wajen mijina ya ce, "Direba, injin nan da sabon tiyonsa yake zuwa, duba ƙarƙashin kujera." Mijina bai hau ya duba ba. Ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da shi, ledar duk ta yamutse ta yi baƙi da gumi. Baba ya kalli ledar, ya kalli mijina, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Aka ɗaura tiyo, aka mayar da notin famfo yadda yake, aka tayar. Da bokiti ya nutse a laka sai muka ji inji ya canza murya, ya yi gurnani, hannu ya taso da ƙasa cike har tana zuba. Wasu suka yi kabbara. Amma ɓarakar ta riga ta zama rafi, duk abin da aka zuba ruwa ke tafiya da shi. Mijina ya sauko ya durƙusa gaban mai unguwa ya ce ba za ta rufu ba. Abin da ya rage shi ne a ja da baya a tayar da sabuwar jinga a kan gangaren da ya raba gonakin sama da na ƙasa, a ceci na sama. Mai unguwa ya dubi Baba, don ya san gonar wa ce mafi girma a ƙasa. Baba ne ya ce, "A bar na ƙasa. Ja injin ka hau."

Kwana biyu mijina ya yi yana aiki, ba ya sauka sai salla. Gonakin sama suka tsira. Namu da na gidaje biyar suka kwana goma sha biyu a cikin ruwa.

Ranar da aka gama, na tarar da Baba tsaye a kan sabuwar jinga shi kaɗai, yana kallon inda gandunmu yake. Kawunan gero ne kawai suka leƙo saman ruwa. Na zo wucewa da tulu, na rage tafiya. Bai juyo ba. Ya yi magana kamar da ruwan yake yi.

"Tun yaushe anka sani?"

Na waiga, ba Inna, ba kowa. Da ni yake.

"Tun ranar hwarko, Baba."

Sannan ya ce, "Kwana tara." Na jira ya ƙara wani abu, ko faɗa ne, ko tambayar me ya sa. Da ya tambaya ma ban san amsar da zan ba shi ba, tunda shi ya koya mana kunyar, mu kuma muka riƙe ta da hannu biyu. Bai ƙara ba, na wuce da tuluna. Iyakar hirar da muka taɓa yi ni da shi ke nan.

Bayan kwana kaɗan Inna ta miƙo mini ƙullin jan ƙyalle, ta ce Baba ya ce a ba Malama ta ajiye cikin littafinta. Na kwance na ga ƙwallon. Jakar kayan aikinsa kuwa ya rataye ta a zaure. Ko injin niƙa aka zo kiransa sai ya ce a nemi yara.

Da kaka kowa yana ɗaurin dami, mu muka kwashe ruɓaɓɓen kara muka ƙone. Rumbunmu ya tsaya wayam. Mijina yana da gonar gado a Tsamaye, ƙasar tudu mai yashi. Wata Juma'a, da ya tabbata Baba ya tafi masallaci, sai ga amalanke biyu shaƙe da dammunan geron gonarsa a ƙofar gida. Shi da ƙannena suka loda dammunan a rumbu, suka share tsakar gida har sawun amalanken, ya bar garin kafin a sauko. Bai gaya wa Baba ba, Baba bai tambaya ba, in sun haɗu ana durƙusawa ana gaisawa yadda aka saba. Na ce wa mijina, "Ashe har yanzu ba ku daddara ba." Ya ce in bar shi.

Ranar da aka fara tuwo da geron nan ina gida. Ni na kai wa Baba kwanon ƙofar zaure na ajiye, na koma bayan zana na tsaya. Na ji ya buɗe, ya yi bisimilla, ya kai loma ɗaya. Sai shiru, har na ɗauka ya ture kwanon. Can na ji ya ce, ba da kowa ba, "Wanga geron tudu na." Sannan ya ci gaba da ci. Da na je ɗaukar kwanon na tarar ya cinye tas, ya kife murfin.